Injiniyan Da Ya Bi Sawun Ruwan Kwata

Aikinmu na ɗakin labarai ya sa da wuya mako ya wuce ba a ajiye mini takardar sanarwar wani sabon aiki bisa tebur ba, yau hanya, gobe gada, jibi madatsar ruwa ko wata babbar magudana. Takardun nan duka kamar uwa ɗaya ta haife su. Za ka ga tsawon aikin da kuɗin da aka ware masa, da sunan kamfanin da ya sami kwangila, da watannin da aka yanka masa, har da babban baƙon da zai aza harsashi. Akwai dai wata tambaya guda wadda nakan bi layi-layi ina neman amsarta, ban kuwa cika samu ba. Ruwan da wannan aiki zai tare, ko zai kora, ko zai ɓata, ina zai nufa bayan ya wuce bakin takardar injiniya, su wa kuma zai tarar a can?

Ina da ƙane wanda yake karatun aikin injiniya a wata kwalejin kimiyya da fasaha. Da ya zo hutu wurina nan Legas sai ya shimfiɗa mini zanen aikinsa na gama makaranta, watau lambatun da zai kwashe ruwan sama daga wata unguwa. Ni da ban san lissafi ba na ga aiki tsaf. Ya auna yawan ruwan da zai sauka a sa'a guda, ya auna gangaren ƙasa, ya fitar da faɗin lambatun da kaurin kankarensa, ba inda ya bar ƙofar gyara. A can ƙarshen takardar, daidai inda lambatun ya tsaya, sai na ga ya zana wata 'yar kibiya tana nuna waje. Na ce masa, kibiyar nan fa, ina ta dosa? Ya yi murmushi irin na wanda jahili ya yi wa tambaya, ya ce, "Yaya, ai nan aikina ya ƙare. Daga nan kuma rafi ne." Ban ga laifinsa ba, domin abin da aka koya masa ke nan, a kansa kuma za a ba shi maki. Amma a bakin rafin nan akwai gidajen mutane, kuma ruwan da a dā yakan yi kwana biyu yana tsiyaya cikin ƙasa kafin ya iske su, lambatun ƙanena zai kai musu shi gaba ɗaya cikin rabin sa'a.

Masana a ƙasashen waje sun daɗe suna muhawara a kan wannan kibiya, har sun yi wa maganinta suna, wanda in za a faɗe shi da Hausa sai a ce ƙira mai raya wuri. Wani malamin jami'a a Kaliforniya ta Amurka, John Lyle, yana cikin waɗanda suka fara tsara bayaninta a littafin da ya fitar cikin 1994. Abin da ya lura da shi kowane manomi ya san shi. A daji babu juji. Ganyen da ya faɗo daga itace shi ne abincin ƙasa, ƙasa kuma ita ce ta ciyar da itacen, abu yana zagayawa ba iyaka. Ayyukan masana'antu kuwa sun yanke wannan zagaye sun miƙar da shi ya zama hanya ɗaya, a ɗebo daga nan, a yi amfani, a zubar a can, har wurin ɗiba ya ƙare, wurin zubarwa kuma ya cika. Masu kiran a kiyaye muhalli yawanci abin da suke nema shi ne a rage ɓarna. Su Lyle suka ce rage ɓarna bai isa ba, gama wanda ya rage gudu a hanyar da ta nufi rami, ramin dai zai faɗa, sai dai a makare. Abin da suke so shi ne injiniya ya ƙera aikinsa yadda wurin da ya taɓa zai fi ƙarfin sabunta kansa bayan aikin fiye da yadda ya same shi.

Maganar tana da daɗin ji, irin wadda ake yi a ɗakunan taro masu sanyi a tashi a ci abinci. Ni ban ɗauke ta da nauyi sosai ba sai da na karanta tarihin wani injiniya ɗan Indiya mai suna Dhrubajyoti Ghosh.

Birnin Kalkata, a jihar Bengal ta Yamma, yana zaune a gaɓar kogin Hugli, mutanensa sun haura miliyan 4 ban da na kewaye. A 1981 Ghosh yana aiki a hukumar tsare-tsaren jihar, sai aka ɗora masa binciken wani abu mai ɗaure kai. Birni mai wannan girma ba shi da wata babbar ma'aikatar tace ruwan ƙazanta, amma kuma ƙazantar tasa ba ta kashe kogunan da take ƙarewa cikinsu ba. To, ina take shiga? Wani injiniyan da sai ya zauna ofis ya buɗe taswirar magudanan birni, ya ga kibiya ta nuna gabas, ya rubuta rahoto cewa akwai bukatar a sayo injuna daga Turai. Ghosh kuwa sai ya fita ya bi magudanar da ƙafarsa, yana bin baƙin ruwan nan mai wari har bayan gari.

Abin da ya tarar shi ne wata makekiyar fadama cike da tafkuna fiye da 200, da gonakin shinkafa da lambuna, da dubban mutane suna aiki. Asalin abin kuwa masifa ce ta haife shi. A dā tafkunan nan na ruwan gishiri ne, wani kogi mai suna Bidyadhari ke kawo musu ruwa daga teku, masunta suna kiwon kifi a ciki. Kogin ya cike da laka ya mutu wajen ƙarshen shekarun 1920, masunta suka rasa abin yi. Ruwan da ya rage yana wucewa kusa da su shi ne ruwan kwatan birni, domin ƙasar Kalkata gangarenta gabas yake. Wajen 1930 wasu daga cikinsu suka gwada shigar da shi tafki kaɗan-kaɗan, suka ga kifi bai mutu ba, ƙiba ma ya yi. Daga nan suka yi shekara 50 suna gwaji suna gyara, uba yana koya wa ɗa.

Ga yadda abin yake aiki, kuma ina roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni a nan, domin a cikin bayanin ne hikimar take. Tafkunan ba su da zurfi, kamar mita ɗaya ne ko ƙasa da haka, saboda hasken rana ya ratsa har ƙasa. Kafin a sa ruwa sai a busar da tafki, a kaftu ƙasarsa, a zuba farar ƙasa. Sa'an nan a buɗe 'yar ƙofa a shigar da ruwan kwata gwargwado, a bar shi ya kwanta. Ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani su ne ke fara cin ƙazantar suna narkar da ita. Abin da suka narkar shi ne takin gansakuka, sai gansakuka ta tashi, ita kuma da taimakon rana tana sakin iskar da waɗancan ƙwayoyi ke bukata don su ci gaba da aiki. Cikin 'yan makonni baƙin ruwa ya koma kore, wari ya ɗauke, yawancin ƙwayoyin cuta sun mutu saboda rana da daɗewa. Masuncin ba shi da na'urar awo, da launin ruwan da ƙamshinsa yake gane cewa lokaci ya yi. Sai ya zuba 'ya'yan kifi, irin su karfasa da dangoginta masu cin gansakuka. Kifin nan shi ne ke hana gansakukar yin yawa har ta ruɓe ta ɓata ruwan. A gefen tafki kuma suna barin kainuwa, suna killace ta da gora don kada ta mamaye fili, tana kare gaɓa daga zaizaya, tana ba kifi inuwa, saiwarta tana tsotse wani sashe na dattin ƙarfe. Ruwan da ya fita daga tafki shi ake kora wa shinkafa da kayan lambu. Da asuba kifi da kayan miya su hau kekuna su koma kasuwannin birnin da ya aiko da ƙazantar.

Ƙididdigar da aka fi ambata ita ce fadamar tana karɓar lita wajen miliyan 750 a kowace rana, tana ba da kifi kamar tan 10,000 a shekara, da kayan lambu kamar tan 150 a rana. Babu injin da ke juya ruwan tafkunan, babu maganin da ake saye daga waje. Ghosh yakan kwatanta Kalkata da birnin da fadama ke biya wa tallafi, domin ba ya biyan kuɗin tace ƙazantarsa, ga shi kuma yana cin kifi da araha.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne Ghosh bai ƙirƙiro kome ba a wannan fadama. Ba shi ya haƙa tafki ba, ba shi ya gano dabarar ba. Fasaharsa ita ce ya ga tsari a inda abokan aikinsa suke ganin dagwalo da talakawa, ya kuma yarda cewa masuncin da bai yi aji ɗaya ba yana iya zama malaminsa a fannin da shi ke da takardar shaida a kai. Ya yi shekaru yana zama da su yana tambaya, ya zana taswirar wurin, shi ne ma ya laƙaba masa sunan da ake kiransa da shi yanzu, watau Fadamun Gabashin Kalkata. Mu a nan idan aka ce injiniya mai ƙirƙira, hankalinmu yakan tafi ga yaron da ya haɗa jirgin sama da gwangwani, mu 'yan jarida mu ɗauki hotonsa mu buga. Ban raina wannan ba. Amma a ganina ƙirƙirar da ta fi wuya ita ce mutum ya sake tambayar da aka ba shi. An tambayi Ghosh yadda za a rabu da ƙazanta, shi kuwa ya koma yana tambayar wa ƙazantar take ciyarwa.

Aikin nasa ya kai shi fagen da injiniyoyi ba su cika son shiga ba. Tun cikin shekarun 1960 an riga an cike wani sashe na fadamar an gina sabuwar unguwa. Da aka yunƙuro za a ƙara cin wani sashe don gina cibiyar ciniki, wata ƙungiyar mazauna birnin ta kai ƙara, kuma a 1992 Babbar Kotun Kalkata ta hana. A 2002 aka sa fadamar, mai faɗin kadada 12,500, cikin jerin fadamun duniya masu daraja a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a 2006 kuma jihar ta yi mata doka ta musamman.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a tara ruwan kwata a zuba kifi, shi ke nan. Zagayen nan yana tafiya ne muddin abin da ke shiga cikinsa ƙasa da rana za su iya narkarwa. Majemun zamani na Kalkata sun yi shekaru suna sakin ruwa mai guba cikin magudanan nan, har sai da Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umurni a 1996 cewa a tashe su a mai da su wani wuri. Gansakuka tana cin bayan gida, ba ta cin gubar jima.

A nan ne labarin ya zo mini gida, domin a Kano aka haife ni, kuma Kano ta san wannan zagaye, ta kuma san yadda yake tsinkewa. Wani masanin ƙasa Bature, Michael Mortimore, wanda ya yi koyarwa a Zariya da Kano, ya rubuta tun cikin shekarun 1960 yadda jakai ke shigowa birni da itacen wuta su koma ƙauye da mangala cike da taki, watau sharar gida da toka da kashin awaki da tumaki. Da wannan taki ne gonakin kewayen Kano suka yi zamani mai tsawo ana noma su kowace shekara ba hutu, ba su kuwa mutu ba. Haka kuma gini. Inda aka haƙi ƙasar tubali nan ya zama kududdufi, kududdufi ya tare ruwan damina ya hana shi shiga ɗakuna, ya tsiyayar da shi a hankali ya cika rijiyoyin unguwa. Katangar da ta tsufa ta faɗi, a sake kwaɓa ta a yi sabuwa. Ba na cewa kakanninmu sun zauna sun tsara wannan da alƙalami, ba kuma na cewa kududdufi aljanna ne. Sauro yana ciki, yara sun sha nutsewa, iyayenmu mata ba abin da suke tsoro kamarsa. Amma yana da aikin da yake yi wa gari.

Akwai ɗaya a bayan layinmu sa'ad da nake yaro. A idona aka fara zuba masa shara, shara ta zama tudu, tudu ya zama filoti, aka sayar, aka yi shaguna. Wanda ya saya bai yi laifi ba a doka, yana da takardarsa. Ruwan ne dai ba wanda ya ba shi takardar canjin wuri, saboda haka duk watan Agusta yana zuwa inda ya saba, in ya tarar da shago sai ya shiga zaurukan maƙwabta. Takin birni kuma leda ta ɓata shi, manomi sai ya tsince ta kafin ya watsa. Masu lambun bakin Jakara har yau da ruwan kwatan birni suke ban ruwa kamar mutanen Kalkata, sai dai nasu yana haɗuwa da abin da masana'antu suka saki, kuma babu tafkin da zai fara kwantar da shi kafin ya taɓa latas da alayyafo.

Kibiyar da ta fi kowace tsawo a ƙasarmu ta Arewa, a sanina, ita ce wadda ta fita daga madatsar ruwa ta Tiga. An gama Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ta Challawa kuma ta biyo baya a 1992. Duk mai adalci ya san alherinsu. Ruwan da Kano ke sha, da tumatirin Kadawa, da shinkafar Kura, da alkamar da ake nomawa da rani, daga nan suke. Amma kogin bai tsaya a Kura ba. Ya bi ta Wudil ya gangara Hadeja, inda yake haɗuwa da ruwan Jama'are su bazu cikin fadamun Hadeja da Nguru, sa'an nan abin da ya rage ya bi Gashuwa ya nufi tafkin Chadi. Kafin a yi dam, ambaliyar damina takan rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita 2,000 ko fiye a shekara mai ruwa. A kan wannan ambaliya mutane suka gina rayuwarsu. Ana shuka shinkafa da zuwanta, a yi su a cikinta, in ta janye a shuka wake da kayan lambu a danshin da ta bari, Fulani su sauko da shanu su ci ciyawa su bar taki, ruwan da ya nutse kuma ya cika rijiyoyin garuruwan da ko kogin ba sa gani. Da dam ta tare ruwan damina, ga kuma farin 1973 da na 1984, ambaliyar ta ragu ƙwarai, a shekaru da dama ba ta kai rabin yadda take ba.

Sa'an nan wani abu ya biyo baya wanda ba ya cikin lissafin kowa. A dā kogin yakan ƙafe da rani, ƙafewar nan kuwa ita ce ke kashe ciyayin ruwa. Yanzu da ake sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani, ƙasa ba ta bushewa, sai ciyawar nan da ake kira kachalla ta sami gida. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta karkatar da kogi ya riƙa malala inda ba a bukatarsa alhali wasu wurare suna ƙishi, ta kuma zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa. Masu binciken da suka yi aiki a fadamun nan tun daga 1987, da masanin tattalin arziki Edward Barbier, sun auna abin da ruwa ke haifarwa in an bar shi ya bazu a fadama, da abin da yake haifarwa in an tare shi don noman rani a sama, suka tarar na fadamar ya ninka sau da yawa. Dalilin da ya sa ba a gan shi ba tun farko shi ne arzikin fadama a warwatse yake, kifi nan, itace can, nono da shinkafa da ruwan rijiya, ba ya taruwa a sito guda inda jami'i zai ƙirga. Shawarar da suka bayar ba ta rushe dam ba ce. Sun ce a riƙa sakin ruwa mai yawa a tsakiyar damina don a kwaikwayi ambaliyar asali, a kuma bar kogin ya sha iska da rani. Watau dam ɗin nan dai, da ƙofofinta, amma a sarrafa ta da tunanin mutumin Gashuwa a zuciya.

Wanda zai ce wannan mafarki ne, sai ya leƙa maƙwabtanmu. A arewacin Kamaru an gina madatsar Maga a 1979 tare da dogon bango a gaɓar kogin Logone domin noman shinkafa, abin da ya hana ambaliya isa wani babban sashe na fadamar da ke gefen gandun dajin Waza. Ciyawa mai ɗorewa ta mutu, kifi ya ragu, makiyaya suka yi ƙaura. A 1994 aka yi wani aiki wanda in an sa shi a takardar sanarwa ba zai cika layi uku ba. An fasa bangon a wuri guda aka buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa da aka toshe. Ruwa ya koma ya rufe fili kamar murabba'in kilomita 200, aka ƙara buɗe wata a 1997. Cikin 'yan shekaru ciyawar ta fara dawowa, kifi da tsuntsaye suka dawo, shanu suka dawo har suka yi yawan da ya matsa wa namun dajin, wanda shi ma wata sabuwar matsala ce da sai an zauna da mutane. Ko Holan, ƙasar da duniya ta sani da gina bangon tare ruwa, bayan cikar kogunan 1995 wadda ta sa aka kwashe mutum wajen 250,000, ta sake tunani. Daga 2007 ta shiga aikin ba kogi fili a wurare fiye da 30, har a birnin Nijmegen aka ja bango baya da mita 350 aka haƙa wa kogin hanya ta biyu.

To, me ya hana mu? Na sha jin ana cewa rashin kuɗi ne, ni kuwa ina ganin wani lokaci yawan kuɗin ne. Aikin kankare yana da kwangila mai nauyi, yana da ranar buɗewa da alƙawarin hoto a shafin farko. Buɗe tsohuwar hanyar ruwa, ko hana a cike kududdufi, ko canza ranar sakin ruwa daga dam, ba su da allon da za a rubuta sunan kowa a kai. Mu ma 'yan jarida da hannunmu a ciki, domin mun fi son labarin da ke da adadin biliyoyi a kansa. Ga kuma rabon ofisoshi. Mai kula da dam daban, mai kula da kifi daban, mai kula da burtali daban, jiha ta sama daban da jiha ta ƙasa, alhali kogin guda ne bai san iyakar kowa ba.

Amma tushen abin yana aji. Ɗalibin injiniya a ƙasar nan yana shekara huɗu ko biyar ana ba shi tambayoyin da aka riga aka yanke musu iyaka, kowace da amsa guda a bayan littafi. Da ni ke da iko, da ba wanda zai karɓi takardar shaida sai ya ɗauki ruwa guda, ko na lambatu ko na rafi, ya bi shi da ƙafa daga inda ya faɗo har inda ya ɓace, ya rubuta sunan kowace sana'a da ya tarar tana ci daga gare shi, ya zauna da mai lambu da masunci da mai wankin mota da matar da ke ɗiban ruwa, ya tambaye su yadda ruwan yake a watan Maris da yadda yake a watan Agusta, da yadda yake zamanin iyayensu. Bayan haka sai a ba shi izinin ɗaukar abin zane. Lissafin kaurin kankare yana nan, ba za a rage masa kome ba, gama fashewar madatsar Alau da ta cinye Maiduguri a watan Satumba na 2024 ta isa ta tuna mana cewa bangon da aka gina tilas ne ya tsaya, tilas ne kuma a riƙa duba shi. Abin da za a ƙara masa shi ne sanin cewa ciyawa da laka da rana da kifi su ma kayan aiki ne, kamar siminti da rodi, kuma su ba sa jiran kasafin kuɗi kafin su gyara kansu.

Ghosh ya gwada wannan da kansa. Ya tsara irin tafkunan masuntan nan ga wasu ƙananan garuruwa kusa da Kalkata, a zamanin da ma'aikatun tace ruwa masu injuna da aka gina a gaɓar kogin Ganga suke yawan tsayawa saboda ɗaukewar wutar lantarki, matsalar da ba sai an yi wa ɗan Nijeriya bayaninta ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama shi a 1990, ya sami wata babbar lambar kiyaye muhalli a 2016. Amma ƙarshen rayuwarsa bai zama na hutu ba. Birnin yana ta matsowa, kuma fili a bakin Kalkata ya fi kifi tsada nesa ba kusa ba. Duk da hukuncin kotu da dokar jiha, dillalan filaye sun ci gaba da gutsurar fadamar, tafki ɗaya yau, ɗaya gobe. Ya sha kokawa cewa hanya mafi sauƙi ta kashe tafki ita ce a rage masa ruwan da ke shiga, magudana ta cike da laka a ƙi yashe ta, kifi ya ragu, masunci ya ci bashi, har ya yarda ya sayar, sa'an nan motocin ƙasa su zo su cike wurin. Ya rasu a watan Fabrairu na 2018 yana wannan fama. Masuntan da a dā mutanen birni ke toshe hanci in sun wuce ta wajensu, a shekarun nan na ƙarshe babban kukan da suke kai wa hukuma shi ne ruwan kwatan ba ya isowa tafkunansu yadda ya saba.